Ƙwayar Kwana Ɗaya, Ƙurar Kwana Goma: Me Zai Kare Wuyan Yaran Gandi?

Da sanyin safiyar Asabar, 13 ga Fabrairu 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko kusa da Reggane, can cikin hamadar Aljeriya. An ɗora shi bisa hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 100, aka yi masa laƙabi da Gerboise Bleue, ƙarfinsa kuwa ya ninka na wanda aka jefa wa Hiroshima sau huɗu da 'yan kai. Daga wurin zuwa Gandi ta ƙasar Rabah a Jihar Sakkwato tafiyar kilomita 1,500 ce da ɗoriya. Ga mai raƙumi wannan doguwar hanya ce, amma iska ba ruwanta da nisa, balle a watan Fabrairu, lokacin da hunturu ke kwaso ƙurar Sahara yana sauke ta a kan rufin ɗaki, da ganyen albasa a fadama, da bakin duk ƙwaryar da aka bari a buɗe.

A lokacin saura wata bakwai da 'yan kwanaki Najeriya ta samu 'yancin kai, Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, shi ne Firimiyan Arewa. Ƙasashen Afirka sun yi ta kuka, Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Ta sake tayar da na biyu ranar 1 ga Afrilu, ta ƙara na uku ranar 27 ga Disamba. A watan Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, Raymond Offroy, ta yanke hulɗa da ƙasar, ta hana jiragenta na sama da na ruwa sauka a Najeriya. Sai a 2014, da jaridar Le Parisien ta buga wata taswirar soja da aka daɗe ana ɓoyewa, jama'a suka ga yadda burbushin bam ɗin farko ya bazu a ƙasashen Sahel da Afirka ta Yamma, cikin kwana 13 kuma ya juya har gaɓar Sifaniya da tsibirin Sisili. Shugabannin wancan zamani ba su yi fushi a banza ba.

Cikin abubuwan da irin wannan ƙura ke ɗauke da su akwai gurɓataccen aidin mai tururin nukiliya, wanda masana ke kira aidin-131. Shi ne abin da ya fi saurin yi wa yara illa, shi ne kuma kaɗai aka samo wa ƙwayar rigakafi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: yau babu tashar lantarki ta nukiliya a Najeriya, babu a Nijar. Abin da muke da shi ɗan ƙaramin injin bincike ne mai kilowat 30 a cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya fara aiki a 2004, bai kuma kai girman da zai tsorata mutumin Wurno ko Goronyo ba. Abin da ke hana mutanen gabashin Sakkwato barci yau 'yan bindiga ne. To amma Najeriya ta ware Geregu a Jihar Kogi da Itu a Akwa Ibom don gina tashoshi, ta rattaba hannu da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Burkina Faso ta yi irin wannan yarjejeniya a 2023, Masar kuwa tun 2022 take gini a El Dabaa. Bayan haka, rabin maganin wannan matsala abu ne da ke cikin miyarmu ta kullum, amfaninsa kuma ba sai an yi hatsari ba.

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wani ɗan ƙulli mai ɓari biyu da likitoci ke kira tayirod. Nauyinsa a jikin babba wajen giram 20 ne. Shi ne yake kumbura ya zama maƙoƙo. Aikinsa haɗa sinadaran da ke daidaita zafin jiki, da bugun zuciya, da girman yaro, da ginuwar ƙwaƙwalwa, ba ya kuma iya haɗa su sai da aidin. Saboda haka dare da rana yana tsince aidin daga cikin jini yana tarawa. Inda gizo ke saƙar shi ne bai san bambancin aidin mai kyau da gurɓatacce ba. Duk wanda ya iso gare shi, ta numfashi ko ta abinci, haɗiye shi yake yi. Gurɓataccen ya zauna a ciki yana ƙona ƙwayoyin halitta a hankali, ba zafi ba zazzaɓi, sai bayan shekara huɗu, ko goma, ko ashirin ciwon daji ya ɓullo. Yaro ya fi shiga haɗari, don ƙullinsa ƙarami ne, abin da ya shiga yana taruwa a ƙunci, ga jikinsa yana kan girma.

Duniya ta ga wannan da idonta bayan fashewar tashar Chernobyl a Yukren ranar 26 ga Afrilu 1986. Wutar ba ta tsaya a ranar ba, kwana 10 aka yi tururi na fita. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta yi gum har sai da na'urorin wata tasha a Suwidin suka tona asiri ranar 28 ga wata. Ƙauyawa a Belarus da Yukren da yammacin Rasha suka ci gaba da tatsar shanunsu suna bai wa yara madara kamar kullum, ga shi yankin dama yana fama da ƙarancin aidin. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙirga fiye da mutum 6,000 da suka kamu da ciwon dajin tayirod tsakanin 1991 da 2005 cikin waɗanda suke yara ko matasa lokacin hatsarin. Maƙwabciyarsu Foland ta bi wata hanyar. Daga ranar 29 ga Afrilu ta fara raba ruwan aidin na Lugol, cikin 'yan kwanaki ya isa ga yara miliyan 10.5 da manya miliyan 7, ta kuma hana kai shanu kiwo a fili da bai wa yara ɗanyar madara.

Dabarar ƙwayar ba ta da wuyar fahimta. Ana ba mutum aidin mai kyau da yawa a lokaci guda, ƙullin ya ƙoshi, idan gurɓataccen ya iso sai ya tarar ba masauki, ya bi fitsari ya fita. Sunan ƙwayar fotasiyam ayodaid, a jikin kwali ana rubuta KI. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar shi ne miligiram 130 ga wanda ya haura shekara 12, miligiram 65 ga ɗan shekara 3 zuwa 12, miligiram 32 ga ɗan wata 1 zuwa shekara 3, sai 16 ga jaririn da bai cika wata ba. A aikace wannan na nufin unguwarzoma ta ɗauki ƙwaya mai miligiram 65 ta raba ta gida huɗu, ta niƙe ɓari ɗaya a cokali, ta jiƙa da tatsattsen nonon uwa, ta ɗiga wa jinjiri a baki, ta tabbata bai furzar ba, don abin yana da ɗaci.

Lokaci shi ne komai a wannan magani. Ya fi aiki idan an sha cikin awa 24 kafin ƙurar ta iso, ko cikin awa 2 bayan isowarta. Har zuwa awa 8 akwai sauran amfani. Idan kwana guda ya wuce, cutarwarsa na iya fin amfaninsa, don zai sa gurɓataccen aidin da ya riga ya shiga ya ƙara daɗewa a ciki. Akwai kuma wani abu da ya saɓa wa al'adar gidajenmu. Mun saba babba ake fara miƙa wa ƙwarya, amma a nan yaro ne gaba, sai mai ciki da mai goyo. Wanda ya haura shekara 40 amfanin ƙwayar gare shi kaɗan ne. Maigidan da ya bar wa jikansa rabonsa, shi ya yi daidai.

Babbar tambaya tana zuwa ne idan ƙurar ta ƙi wucewa. Ƙwaya ɗaya kariyar awa 24 take bayarwa. Chernobyl ta yi kwana 10 tana fitar da tururi, tashar Fukushima ta Jafan, bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011, ta yi ta fitarwa tana tsayawa har makonni. To, sai a yi ta sha kullum?

Ga lafiyayyen babba ko matashi, likitoci sun yarda ana iya maimaitawa idan hukuma ta ba da umarni. Jagorar hukumar magunguna ta Amurka ta 2001 ta ce a riƙa sha kowace rana har haɗarin ya kau. Amma ita da jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2017 duk sun gindaya sharaɗi a wuri guda: kada a maimaita wa jariri sabon haihuwa, kada a maimaita wa mai ciki da mai shayarwa. Ta 2017 ta ƙara da waɗanda suka haura shekara 60. Dalili kuwa shi ne idan aidin ya yi wa ƙullin yawa, yakan dakatar da aiki na ɗan lokaci. Na babba yana farfaɗowa cikin kwanaki ko da ana ci gaba da shan ƙwayar. Na ɗan tayi, wanda ke fara tara aidin tun wajen mako na 12 na ciki, da na jinjiri, ba su iya wannan farfaɗowa da kyau ba, alhali a daidai lokacin ne ƙwaƙwalwa ta fi bukatar sinadarin. Ko a Foland, inda sha ɗaya aka yi, an samu jarirai ƙalilan da aikin ƙullinsu ya yi ƙasa na wasu kwanaki kafin ya daidaita. A ɗaya ɓangaren, dattijuwar da ta shekara 30 da maƙoƙo mai ƙulle-ƙulle, idan aka ɗura mata aidin kwana da kwanaki, ƙullin na iya zabura ya yi aiki fiye da kima, zuciya ta kama bugu ba tsari.

Ke nan waɗanda suka fi kowa bukatar kariya su ne waɗanda ba za a iya ba ƙwayar sau biyu ba. Wannan shi ne abin da ya kamata duk mai tsara shirin ko-ta-kwana ya fara rubutawa a saman takarda. Ƙwayar tana sayo wa mai ciki da jaririnta kwana ɗaya ne rak, cikin wannan kwanan dole a fitar da su daga yankin, ko a tsare su cikin ɗaki a rufe, a raba su da abin da zai kai musu gubar baki.

Abin da ya fi kai ta baki kuwa nono ne. Ƙura ta sauka a kan ciyawa, saniya ta yini tana kiwo ta tattaro abin da ya zuba a fili mai faɗi, cikin kwana biyu zuwa uku ya fito a hantsarta. Mu dubi yadda abin yake a ƙasarmu. Bafulatana ta taso daga ruga da sassafe, ƙwarya a ka an rufe da faifai, ta zauna a inuwar kasuwa ta dama fura da ludayi, manomin da ya dawo daga fadama ya sha, ya saya wa yara a kai gida. Tsakanin tatsa da sha bai fi kwana ɗaya ko biyu ba, babu kamfani a tsakani, babu wanda zai auna. Tafasawa ba ta kashe wannan guba, barin nono ya yi tsami ma ba ya rage ta. Nonon akuya ya fi na saniya tara aidin nesa ba kusa ba, kamar yadda aka gano a binciken gwaje-gwajen da Amurka ta yi a hamadar Nevada, mu kuwa ƙasar jar akuya muke. Lokacin gobarar Windscale a Ingila, a watan Oktoban 1957, hukuma ta karɓe madarar gonakin da ke cikin fili mai faɗin murabba'in kilomita 500 ta zubar, ta biya manoman. Biyan nan shi ne ƙashin bayan abin. Ba wanda zai ce wa matar da kuɗin cefanenta ke cikin ƙwaryar nan ta zubar, ta kuwa zubar, ba tare da an ba ta madadi ba.

Sauƙin da Allah ya kawo shi ne aidin-131 ba ya daɗewa. Duk kwana 8 rabin ƙarfinsa yake tafiya: bayan kwana 16 saura rubu'i, bayan kwana 80 saura kashi 1 cikin 1,000. Saboda haka matakan na 'yan makonni ne. A ɗaure dabbobi a gida a ba su dusa da harawar da ƙura ba ta taɓa ba. A nan akwai gyara, don mun saba jibge harawa a kan rufi da rassan itatuwa, a sarari, sai an lulluɓe ta tun kafin ƙurar ta iso. Hatsin da ke cikin rumbu lafiyarsa lau. Ruwan rijiya mai murfi da na burtsatse ya fi na tafki da na gulbi. Ganyen da ke fili, irin su alayyahu, rama, yakuwa, zogale da latas na lambunan Wurno da na bakin madatsar Goronyo, a haƙura da su har a auna. Mai goyo kuwa, a inda babu tsaftataccen ruwa da madarar gwangwani, yaye jariri farat ɗaya ya fi haɗari. Ta sha ƙwayarta sau ɗaya, a ba jaririn tasa daban, don abin da zai samu ta nononta bai isa ba.

Sai batun gishiri. Ƙullin da ya daɗe cikin yunwar aidin, idan gurɓataccen ya zo, wawura yake yi fiye da wanda ke samun rabonsa kullum. Wannan na cikin abin da ya tsananta ta'asar Chernobyl. Babba na bukatar maikrogiram 150 a rana, mai ciki 250, ƙasar da ke nesa da teku kuwa abincinta ba kasafai yake cika wannan ma'auni ba. Binciken da aka yi a Darfur ta Sudan ya nuna gero ma yana ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa ƙullin kuzari a inda aidin ya yi ƙaranci. Ba cewa ake a bar fura da tuwo ba, cewa ake mai cin gero ya fi kowa bukatar gishiri mai aidin. A 1993, lokacin da bincike ya nuna kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba a Najeriya suna da kumburin wuya, gwamnati ta wajabta sa aidin a gishirin ci: miligiram 50 a kowane kilo a masana'anta, kada ya gaza 30 a kasuwa. A 2005 Najeriya ta zama ƙasar farko a Afirka da aka shaida ta cimma wannan buri.

Nasara ce ta gaske, amma tana iya zubewa a tsakanin buhu da tukunya. A kasuwannin ƙauye za ka ga an juye gishiri a faranti ko a kan tabarma, rana na dukansa, da damina ya jiƙe ya bushe, ana aunawa da gwangwani, aidin ɗin na raguwa. Ga kantun Bilma da manda da sauran gishirin gargajiya, masu daɗi a miya da amfani ga dabbobi, amma ba a sa musu aidin. Gwajin kuwa na ɗan lokaci ne: ma'aikacin lafiya ya ɗiga ruwan gwaji a kan gishirin, idan ya rikiɗe ya yi shuɗi akwai aidin, idan ya tsaya fari babu.

Kada a fahimci wannan a baibai. Gishiri mai aidin shiri ne na shekaru, ba ya maye gurbin ƙwaya ranar hatsari. Kafin babba ya samu abin da ke cikin ƙwaya ɗaya sai ya ci gishirin kasuwa fiye da kilo 3, wanda zai kashe shi tun bai kai ko'ina ba. Bayan Fukushima mutane a ƙasar Sin sun yi rububin gishiri har shaguna suka ƙare. Mu ma ba mu manta da watan Agustan 2014 ba, da aka yi ta buga waya cikin dare ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha don tsira daga Ebola, aƙalla mutum 2 suka rasa rayukansu, wasu suka kwana a asibiti. Aidin ɗin da ake shafa wa rauni shi ma ba na sha ba ne, guba ne a ciki. Ƙwayar kanta wuya kaɗai take karewa, daga aidin kaɗai. Ba ta da tasiri a kan sauran burbushin bam, ba ta kuma yi wa ɗan ci-ranin da ya yi aiki a mahaƙar yuraniyam ta Arlit komai, don ƙurar can wata iri ce daban.

Duk wannan lissafi na awa 2 da awa 8 an yi shi ne a ƙasashen da ake kai ƙwayar gida-gida tun kafin a bukace ta, kamar yadda Faransa ke yi wa mazauna kewayen tashoshinta. A ɗora shi a kan Gandi. Garin ne ya karɓi 'yan gudun hijira bayan harin Tabanni na watan Yulin 2018, inda aka kashe fiye da mutum 30. A 2021 an toshe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda tsaro. Maganin da ke ajiye a Abuja, ko ma a birnin Sakkwato, ba zai iso wa matar da ke ƙauyen bayan gulbi cikin awa 8 ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne hanyar da muka riga muka sani daga yaƙin shan-inna: asibitin sha-ka-tafi na gunduma, da mata masu bi gida-gida, da hakimi da mai unguwa da limamin Juma'a, da sanarwa da Hausa da Fulfulde a Rima Rediyo, daga bakin da jama'a suka yarda da shi.

Hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001, da hukumar agajin gaggawa ta NEMA, su ne ke da alhakin wannan shiri. Kafin a aza harsashi a Geregu ko Itu, ya kamata su fito su gaya wa jama'a inda za a ajiye ƙwayar, wa zai ba da umarnin sha, wa zai auna nono, wa zai biya makiyayi. Hukumar NAFDAC da ma'aikatar lafiya ta jiha su dawo da gwajin gishiri a kasuwannin Rabah, Wurno da Goronyo, musamman inda 'yan gudun hijira ke sayayya.

Kai kuma mai karatu, kada ka sayi wannan ƙwaya ka sha da ka, sai hukumar lafiya ta ce a sha. Ka sayi gishirin da ke cikin leda a rufe mai shaidar aidin, uwargida ta ajiye shi a mazubi mai murfi nesa da murhu. Idan akwai mai kumburin wuya a gidanka, musamman yarinya ko mai ciki, ka kai ta asibiti a duba ta.